Taragon da Ke Kuka Ba Shi da Baki

Jirgin yana jin magana muddin yana gefen tebur na kusa da akwatin umarni. Da zarar ya zagaya can ɗaya gefen sai ya kurmance. In danna ham, shiru, sai ya dawo kusa sannan ya busa. In ce ya tsaya, ya wuce abinsa da gudun da yake kai, kamar ba da shi ake ba. Da'irar dogon duka ba ta kai mita biyar ba, kuma wutar da ke nan ita ce a can. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ƙaramin samfuri ne na jan jirgin Keikyu jerin 2100, mai tarago takwas. Na gaskensa ya fara aiki a 1998, yana fitowa daga Tokyo ta Shinagawa, ya ratsa Yokohama, ya gangara zirin ƙasar Miura. Kamfanoni fiye da ɗaya sun ƙera samfurinsa, nawa kuwa na hannu ne, ya yi zamansa a gidan wani a Japan kafin ya iso gare ni. Ma'aunin N ne, wato milimita 9 tsakanin ƙarafan dogo biyu, kuma an rage girman jirgin sau 150. Kowane tarago bai wuce santimita 12 a tsawo ba, faɗinsa bai kai santimita 2 ba. A yawancin Turai da Amurka sau 160 ake ragewa. Japan ta bambanta ne saboda yawancin layukanta ƙunƙuntattu ne, milimita 1067, daidai da tsohon layin da ya taso daga Legas ya zo Kano. Jiragen Shinkansen masu bin faffaɗan layi na milimita 1435, irin na Abuja zuwa Kaduna, su ake ragewa sau 160. Layin Keikyu ma faffaɗa ne, amma masu ƙera samfuri sun haɗa shi da sauran jiragen gari a kan 150.

Murya ce ta sa na ɗauko wannan wahala. An ɗora wa jiragen 2100 na farko na'urar sarrafa wutar inji ta kamfanin Siemens, wadda idan jirgi zai tashi take rera sauti yana hawa mataki-mataki, tun daga ƙasa har sama, kafin ya narke cikin gunjin tafiya. Masu son jirgi a Japan sun riƙa tsayuwa a tasha don su ji shi kawai. A hankali aka sauya na'urorin, kuma a 2021 jirgin Keikyu na ƙarshe mai wannan waƙa ya daina rera ta. Yanzu sai a faifai, sai kuma a cikin tarago mai santimita 12 idan an yi haƙurin saka masa baki.

Ba za a gane inda gizo ke saƙar ba sai an san yadda aka gina jiragen nan tun asali. Tun da kamfanin Kato ya fitar da samfurinsa na farko na ma'aunin N a 1965, Tomix ya biyo baya a 1976, yawancin masu wannan sha'awa a Japan da wuta mai bin hanya ɗaya suke tuƙi, irin ta batir. Ka ƙara wuta, jirgi ya ƙara gudu. Ka juya fuskar wutar, ya koma da baya. Fitilu ma da haka suke sanin gaba da baya: fuska ɗaya ta kunna fara a wannan kai da ja a wancan, aka juya su ma su juya. Tsari ne mai sauƙi, ya kuma dace da mutumin da ɗakinsa ƙarami ne, wanda zai shimfiɗa dogo a ƙasa da yamma ya kwashe kafin ya kwanta.

DCC wani tunani ne dabam. Daga aikin kamfanin Lenz na Jamus ya samo asali, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ƙa'idar kowa a farkon shekarun 1990. A nan wuta cike take kan dogo koyaushe, bolt 12 zuwa 15 ga ƙananan jirage, sai dai tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa, kuma a tsawon kowane juyi saƙon yake. Gajeren juyi, maikrosakan 58 a kowace fuska, shi ne 1. Mai tsawo, maikrosakan 100 ko fiye, shi ne 0. Maikrosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa. Dikodar da ke cikin jirgi ita ke karanta wannan, idan lambarta aka kira ta aikata, idan ta wani ce ta yi biris.

Jirgin Turai mai kai ɗaya dikoda ɗaya ta ishe shi. Jirgin lantarkin Japan kuwa injinsa yana ɓoye a wani tarago na tsakiya, fitilunsa suna can baki biyu, don haka uku yake ci aƙalla. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa DCC bai bazu a can yadda ya bazu a Jamus ba. Kato ya sauƙaƙa wa mutane a wasu jiragensa, ya bar gurbin da ake zura dikodar EM13 don inji, FL12 don fitilun gaba da baya, FR11 don hasken ciki. Nawa ba shi da gurbi, sai liƙi.

Ɗan yayata ne ya yi liƙin, mai gyaran waya, wanda hannunsa ya saba da dalma a matsattsen wuri. Ya raba bakunan inji da ƙarafan da ke kawo wuta daga ƙafafu, ya shimfiɗa salatif ɗin Kapton mai ruwan zuma a tsakani. Jar waya da baƙa zuwa dogo, mai ruwan lemo da mai ruwan toka zuwa inji, kamar yadda ƙa'ida ta tsara. Lasifikar milimita 11 ce da 15. Ya yanke kujeru kaɗan ya ba ta wuri, ya kuma rufe bayanta ruf da ɗan akwati, domin lasifika idan bayanta a buɗe yake iskar gaba da ta baya cinye juna suke yi, ba abin da za a ji sai siririn ƙara. Muka ɗora taragon shi kaɗai. Ya rera waƙarsa, ya tashi, ya zagaya, ya tsaya inda aka ce. Ba a gefen kusa ba, ba a na nesa ba, ko sau ɗaya bai ƙi umarni ba.

Sai da muka jona sauran bakwai ɗin kurumtar ta fara.

Akwai wani abu da ido ya fara gani: taragon farko da na ƙarshe duk sun kunna fara da ja a lokaci guda. Wannan yana da bayani a fili. Dikodojinsu ba su iso ba tukuna, allon fitilarsu yana shan wuta kai tsaye daga dogo, kuma tunda wutar tana juyawa sau dubbai, kowace fitila tana samun rabonta. Da tsofaffin ƙwayaye masu zafi ne da sai a cire su nan take, don suna iya narka rufin roba, amma waɗannan LED ne. Muka ajiye maganarsu a gefe.

Wanda aka fara tuhuma ƙura ce, kuma tana da tarihin laifi. Lokacin hunturu ne, ga kuma baƙin dattin nan da ke taruwa a kan dogo da ƙafafu ko da an rufe ɗaki. Taragon inji ba shi da nauyi, ƙafafunsa takwas ne, biyu daga ciki suna sanye da zoben roba don riƙe dogo, saboda haka ba su ɗaukar wuta yadda ya kamata. Muka bi dogon da auduga da sifirit, muka goge ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai tafi a banza ba, domin ya fito da wata cuta ta biyu da ke laɓe bayan ta farko. A kan mararrabar dogo sautin yakan ɗauke, ya sake somawa daga farko. Dikodar sauti ƙaramar kwamfuta ce, idan wuta ta yanke mata ko da na ƙiftawar ido ne sai ta sake tashi. Yaron ya liƙa mata kafasita a inda aka tanada, bayan diyod huɗun da ke miƙar da wuta, don ta riƙe ta a irin wannan giɓi. Ɗaukewar sauti ta wuce. Kurumta tana nan daram.

Sai dikodar kanta. Muka kai taragon kan guntun dogon da ake saiti, muka rubuta 8 a gurbin saitinta mai suna CV8, abin da ke mayar da ita yadda ta zo, lambarta ta koma 3. Duk abin da aka tambaye ta ta amsa. Yadda take amsawar ma abin sha'awa ne: ba ta da hanyar magana da akwatin, sai ta ɗan zaburar da inji, ta ja ƙarin wuta miliamfiya 60 na tsawon kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa, akwatin ya ji nauyin ya san an ce i. Muka kuma rufe mata damar komawa tsohuwar wuta a CV29, daga 6 zuwa 2, domin dikodar da saƙo ya rikice mata tana iya zaton an mayar da ita kan wutar batir, ta fizga da cikakken gudu. Amma tun kafin a gama na san ba ita ba ce. Dikoda ba ta san gabas da yammacin tebur ba. Da lalatacciya ce da ko'ina ma ta ƙi ji, da kuma ta ƙi ji tun tana ita kaɗai.

Zargin cewa bakin inji na taɓa ƙarfe a kan kwana bai daɗe ba. Mita ta nuna babu haɗi, ko an karkata ƙafafun dama da hagu. Kuma wannan laifin ba kurumta yake jawowa ba, ƙonewa ce.

Tuhuma ta huɗu ta fi sauran ƙarfi, har ta kusa rufe shari'ar. Dogon guntu-guntu ne ake harhaɗawa, kuma kowace mahaɗa tana ɗan tauye wuta. Waya ɗaya ce ke ciyar da da'irar, daga gefen akwati. Tarago ɗaya ba ya jan wuta da yawa, amma idan yana jan bakwai a bayansa ƙila abin da ke isa can nesa ya gaza. Muka ja waya ta biyu zuwa ɗaya gefen. Nan take jirgi ya fara ji. Ham yana ɗan makara jefi-jefi, amma tsayawa yana tsayawa. Mutane da yawa a nan za su tattara kayan aiki, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Lambar da ke fuskar akwatin umarni ce ta hana ni. Jirgi a tsaye, sauti a kashe, amma akwatin yana nuna ana jan wuta kusan rabin amfiya. Babu hasken ciki a ko ɗaya daga taragun. Fitilun LED na baki biyu da dikoda mai hutawa, duk a haɗe, bai kamata su kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Wani yana shan wuta a ɓoye.

Muna tsaye muna kallon lambar sai yaron ya karkata kai.

"Kawu, ka kashe sautin kuwa?"

"Na kashe."

"To wani abu yana kuka."

Kunnen yaro ya fi na babba kama siririn sauti. Sai da na sunkuya sosai na ji shi, wani tsiii mai kaifi wanda ba ya hawa ba ya sauka. Tunda jirgi ne mai waƙa, hankali ya fara tafiya kan lasifika. Na ɗaga taragon inji gaba ɗaya daga kan dogo, da dikodarsa da lasifikarsa, na riƙe shi a hannu. Kukan bai fasa ba. Lambar ma da ƙyar ta motsa.

Daga nan aikin ya zama na ƙidaya. Muka riƙa ɗaga taragu ɗaya-ɗaya. Na tsakiya ba su canza komai ba. Na farko, mai fitila, ya rage lambar kaɗan, daidai abin da ake tsammani. Da aka ɗaga na takwas sai ɗakin ya yi tsit, lambar ta faɗo kusan sifiri. Yaron ya taɓa ƙasansa da bayan yatsa.

"Kawu, taɓa nan. Da ɗumi."

Tarago ne da ba shi da inji, ba shi da lasifika, ba shi da dikoda. Yana kuka, yana zafi, yana shan wuta fiye da wanda ke jan jirgin. Amma kama shi da waɗannan laifuka bai tabbatar da cewa shi ya kurmantar da ɗan'uwansa ba, kuma ban so a yanke hukunci da zato. Muka cire waya ta biyu, da'ira ta koma yadda take da farko. Muka ajiye na takwas a can gefen nesa, ba a jone da kowa ba, muka tura taragon inji shi kaɗai ya matso kusa da shi. Ya kurmance. Muka dawo da na takwas daf da inda waya ke shiga dogo. Taragon inji ya koma jin magana a ko'ina, alhali lambar wuta tana sama yadda take. Wato ba ta maƙalar taragu cutar ke bi ba, ta dogo take bi, kuma ƙarfinta ya danganta da yawan mahaɗan da ke tsakanin akwatin umarni da wannan tarago.

Da aka ɓalle rufinsa abin bai ɓuya ba. Tsakanin siraran tagulla biyu masu kawo wuta daga ƙafafu, tun kafin a kai allon fitila, ga wata 'yar kafasita mai ruwan ƙasa, irin ta yumɓu. Dalmar da ta riƙe ta ta fi ta masana'anta kauri, aikin hannu ne. Mita ta ce maikrofarad 1.

Kafasita tulu ce ta lantarki. A kan wutar batir sau ɗaya take cika, ta zauna, ba ta ƙara neman komai. A kan DCC kuwa da ta cika sai a kifar da ita a cika ta ta ɗaya bakin, a sake kifarwa, ba hutu. Lissafin gajere ne. Daga bolt 14 a wannan fuska zuwa 14 a waccan, tazara 28 ke nan. Juyin yana faruwa tsakanin sau 10,000 da 17,000 a daƙiƙa, gwargwadon yawan 0 da 1 a cikin saƙo. A ninka waɗannan da maikrofarad 1, za a sami amfiya 0.3 zuwa kusan 0.5. Ga ɓatacciyar wutar ta fito. Ba a cikin kafasitar take zama zafi ba galibi, a kan hanya ne, duk inda haɗi ya yi rauni, shi ya sa wuraren da ƙafafu ke gogar tagulla suka yi ɗumi.

Kukan ma nata ne. Irin yumɓun da ake yin waɗannan kafasitoci da shi yana ɗan miƙewa ya tsuke idan wuta ta canza a jikinsa. Cikakken zagayen 1 maikrosakan 116 ne, wato kusan sau 8,600 a daƙiƙa, kuma wannan yana cikin abin da kunnen mutum ke ji. Kafasitar na rawa, tagullar da aka liƙa ta a kai na ɗauka, jikin tarago na ƙara masa amo. Saƙon DCC ɗin kansa muke ji da kunne.

Kurumtar ce ta fi ɗaukar hankalina, don a nan ake ganin ƙuncin ƙofar da saƙon ke bi. Ƙa'ida ta ce dikoda ta karɓi rabin juyi a matsayin 1 idan tsawonsa ya faɗa tsakanin maikrosakan 52 da 64. Shida ke nan kowane gefe. Saƙo yana fita daga akwati da kaifin baki, wuta ta juya farat ɗaya. Idan akwai kafasita a hanya dole a jira ta juye ta sake cika, kuma idan wutar da za ta cika ta sai ta ratso mahaɗai masu yawa, jiran ya ƙaru. Kaifin ya dushe, dikoda ta ga rabi ɗaya ya gajarce, ɗayan ya yi tsawo. Kowane saƙo kuma yana tafe da lambar tantancewa a ƙarshensa. Ko 1 guda ya ɓata, lissafi ba zai fita ba, dikoda ta yar da saƙon duka, ta ci gaba da umarnin ƙarshe da ta fahimta. Abin da ya sa jirgin ke wucewa da gudunsa ke nan. Akwatin umarni kuwa maimaita saƙo yake yi ba fasawa, don haka da jirgi ya dawo inda kaifin bai dushe ba sai ham ɗin da aka danna tun ɗazu ya busa. Waya ta biyu ta gajarta hanya ne kurum, ta rage jiran, kafasitar tana nan tana shan wutarta.

Ba na ganin laifin mutumin da ya liƙa ta, ko kaɗan. Ya san abin da yake yi. A kan wutar batir, duk lokacin da ƙafa ta rabu da dogo na ɗan lokaci, naɗin wayar inji yakan harbo wuta ta baya. LED tana da saurin kamawa, sai ka ga jar fitila ta ƙyafta a gaban jirgi, ko fara a bayansa. Mai son jirginsa ba ya jure ganin wannan, kuma sanya kafasita don ta shanye harbin sanannen magani ne a wurin masu gyara a Japan. Ya yi wa jirginsa gata a duniyar da aka ƙera shi dominta. Mu ne muka canza ma'anar dogon a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a rana guda mun saka kafasita a tarago ɗaya ta warkar, mun sami wata a wani taragon tana cutarwa. Tamu tana bayan diyod, inda wuta ta riga ta miƙe. Tasa tana gabansu, inda saƙo ke wucewa.

Cire ta bai ɗauki minti ɗaya ba. Lambar ta sauka, kukan ya tafi, jirgi mai tarago takwas ya tsaya a gefen nesa da waya ɗaya tak. Duk da haka na mayar da ta biyun, don mahaɗan dogo tsufa suke yi.

Da dikodojin fitila suka iso, na zaɓi irin waɗanda ke kwaikwayon tsohuwar wuta: a raba allon fitila da dogo, dikoda ta shiga tsakani, ta riƙa ba shi fuska ɗaya idan ana gaba, ɗayar idan ana baya. Da haka ba sai an farke allon ba, kuma harbin inji ba ya ƙara isa gare shi, wato damuwar mai jirgin na farko ta kau ba tare da kafasitarsa ba. Dukansu uku lamba ɗaya aka ba su don su amsa kira tare. Saitinsu ya ɗan ba da wuya, tunda ba su da injin da za su zaburar su ce i, sai da yaron ya rataya musu rasista na ɗan lokaci ta ja wutar a madadinsa. A gwajin farko baki biyun duk fara suka kunna, domin taragon ƙarshe baya yake fuskanta. Aka mayar da shi kan dogon saiti shi kaɗai, aka ƙara 1 a CV29 ɗinsa, daga 2 zuwa 3, ya koma ja.